Tagar da Aka Yanka a Shinge

Litinin, 7 ga wata, 6:40 na safe

Na sayi littafin nan ne don rubuta awon sabon shingen gefen gabas. Tunda an rufe filin tseren, babu awon da zan yi, bari in ɓata shi da wannan.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Asabar ba. Kowa ya gani a wayarsa, wasu sau goma. Ni sau ɗaya na gani, da idona, daga saman hasumiyar alƙalan tsere, kuma ya ishe ni.

Abin da na sani zan rubuta. Shekarata goma sha tara ina aikin injiniya, shida daga ciki a filin tseren motocin nan. Ni na zana shingen da ya raba motoci da 'yan kallo. A kwana ta huɗu, inda hanya take lanƙwashewa motoci na tafe da gudun fitar rai, ga abin da zanena ya ce: katangar kankare a ƙasa, raga mai tsayin mita shida a kanta, samanta a lanƙwashe yana kallon hanya, igiyoyin ƙarfe biyar a bayanta, turke kowane mita uku. Daga shinge zuwa kujerar farko a bar fili mita goma sha biyu, ko akuya kada ta shiga. Haka zanena ya ce.

Yaya yana asibiti, hawa na biyu, ɗakin ƙarshe. Bai farka ba.

Litinin, 4:15 na yamma

Manaja ya tara mu a ofishinsa. Ba banza ma'aikata suke kiransa Ba-Komai a bayan idonsa ba. Ko rufi ne ya faɗo masa a ka, abin da zai fara cewa ke nan.

“Ba komai, jama'a, ƙaddara ce. Kada kowa ya yi magana da 'yan jarida. Lauyan kamfani ne zai zama bakinmu.”

Da za mu fita ya ce, “Af, Injiniya, ya mai jiki?” Idonsa na kan waya. Na ce da sauƙi. Ya ce madalla.

Ƙaddara. Tun da nake ban taɓa ganin ƙaddara riƙe da injin yanka ƙarfe ba.

Talata, 8 ga wata, 1:00 na rana

Na je asibiti, na tsaya a baranda. Ban shiga ɗakin ba.

Inna tana zaune a benci, matar Yaya a gefenta. Wata nas ta zo wucewa, Inna ta riƙo ta tana nuna ni: “Ga autata nan, injiniya ce. Ai ita ta kewaye filin nan gaba ɗaya, da hannunta ta zana.” Shekara shida tana faɗin haka ga duk wanda ya tsaya, har mai gyaran famfo. Tana tsammanin in an ji, za a fi kula da ɗanta.

Matar Yaya ta ce, “Inna, a bar maganar nan.”

Nas ɗin ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta wuce.

Matar Yaya ba ta tambaye ni wanda ya ba shi katin shiga ba. Ta sani. Shekara talatin Yaya yana jan tirela, ya ajiye tuƙi bara, bai taɓa ganin tseren mota ido da ido ba. Kullum sai ya ce, “Auta, sai yaushe za ki kai ni in ga yaran nan da suke kiran kansu direbobi?”

Na kawo musu ruwa da lemo. Har na tafi ba a buɗe ledar ba.

Laraba, 9 ga wata, 5:50 na yamma

Mita shida. Igiya biyar. Mita goma sha biyu.

Alhamis, 10 ga wata, 3:30 na rana

Kwamitin bincike ya zo duba wurin, aka ce in raka su. Shugabansu tsohon injiniya ne da ya yi ritaya, mai furfura, da abin awo a aljihun rigarsa. Ba ya yawan magana, kuma irinsu ne nake tsoro.

An kewaye kwana ta huɗu da jan ƙyalle. Ba a taɓa komai ba. Kujerun roba layi uku suna nan cikin filin da ko akuya bai kamata ta shiga ba, wasu a kife, wasu a farfashe. Akwai wata lema shuɗiya a buɗe, iska na juya ta. Ba wanda ya yi ƙarfin halin rufe ta.

Tsohon ya auna daga shinge zuwa kujerar farko. Mita uku da rabi. Ya rubuta. Sai ya ɗaga kai ya dubi tagar.

Taga ce aka yanka a jikin raga don kyamarar talabijin, wai ragar tana ɓata hoto. Faɗinta mita biyu. Don a yanka ta sai da aka datse igiya ta biyu da ta uku, aka yi mata firam na ƙarfe. Yanzu firam ɗin ya buɗe baki kamar gwangwanin da aka taka.

“Wa ya ba da izinin yanka wannan?” in ji tsohon.

Manaja ya ce, “Za mu duba fayil, ranka ya daɗe.”

Tsohon ya juyo gare ni. Ni kuwa na ga wata tsakuwa a ƙasa mai ban sha'awa ƙwarai, na yi ta kallonta.

Juma'a, 11 ga wata, 7:20 na safe

Baban yara ya ce ina magana cikin barci, lambobi nake kira. Ya zuba mini shayi, ya zauna yana kallona irin kallon da yake wa masu zuwa kantin maganinsa ba tare da takardar likita ba.

“Ke dai ki kama bakinki. Kamfani na da lauya. Ba ke kika tuƙa motar ba, ba ke kika kwance mata taya ba.”

Na ce haka ne.

“Yara suna jarrabawa. Jiya a makaranta an tambayi babbar 'yarmu ko uwarta ce ta zana shingen.”

Na ce haka ne.

Mutumin kirki ne. Shi ya sa na ji kamar in jefe shi da kofin.

Lahadi, 13 ga wata, 11:00 na safe

Baba Mai Walda ya zo gida. Shi ne shugaban masu waldar filin, tun kafin a ɗauke ni aiki yake nan. Ba ya karanta jarida, amma miƙa masa zane ka ga karatu. Ya ƙi shigowa falo, ya tsuguna a bakin ƙofa, hannuwansa duk tabon wuta.

An ba shi takardar dakatarwa ranar Juma'a. Ya miƙo mini in karanta masa, ko da yake na san an riga an karanta masa. Wai ana zargin waldar firam ɗin taga ba ta yi ƙwari ba.

“Injiniya, ni fa abin da aka zana na haɗa.”

Na ce na sani, Baba.

“Kin tuna abin da na gaya miki ranar? Na ce in aka datse igiya biyun nan, ragar nan zani ce kawai aka shanya. Kika ce, Baba, yi abin da ke takarda.”

Na ce za a gyara maganar, kuskure ne na ofis.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “To, Allah ya sa.” Ya ninke takardarsa gida huɗu ya sa a aljihu. Na ce ya tsaya ya sha ruwa, ya ce ya ƙoshi.

Litinin, 14 ga wata, 2:10 na rana

Yau an sanar da rasuwar mutum na biyu. Wata yarinya ce, ɗalibar jami'a. Na farkon tun a wurin ya cika, mutumin da ke zaune a gefen Yaya.

Ba zan rubuta sunayensu ba.

Talata, 15 ga wata, 12:30 na rana

Lauyan kamfani ya kira ni. Ofishinsa sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, murmushinsa ma haka. Ya buɗe fayil a gabana, ya baje zane.

“Madam, wannan zanenki ne?”

Nawa ne. Na farkon. Mita shida, igiya biyar, mita goma sha biyu. Babu taga, babu kujeru.

“Kyakkyawan aiki. Shi kaɗai ne a fayil. Ke kin yi aikinki. Abin da masu walda suka yi daga baya, da abin da masu jera kujeru suka yi ranar tsere, wannan tsakaninsu ne da Allah.”

Na ce, “Shi kaɗai ne a fayil?”

“Shi kaɗai. Ko kina tuna wani?”

Ya jira. Agogon bangonsa yana ta ƙas-ƙas. Na ce zan yi tunani.

“A bar kaza cikin gashinta, Madam. Ke ma kina da iyali.”

Sun yi wayo. Sun wanke Manaja, suka wanke ni tare da shi a ruwa ɗaya, don kada in ce ruwan da datti.

Laraba, 16 ga wata, 6:00 na yamma

Akwai wata jaka a saman kabad ɗin ɗakina. Yau sau uku ina ɗaukar kujera in hau, sau uku ina mayar da kujerar.

Alhamis, 17 ga wata, 10:45 na safe

Yaya ya farka.

Matarsa ce ta kira Baban yara, ba ni ba. Na je, wannan karon na shiga. Ya rame, gemunsa ya fito fari fat. An rufa masa bargo har kafaɗa, kuma gefen dama bargon ya kwanta lif, babu abin da ya ɗaga shi. Ban sake kallon wajen ba.

Ya buɗe ido ya gan ni. Ka san abin da ya fara tambaya?

“Auta, wa ya ci?”

Na ce ba a ƙarasa ba, Yaya.

“Kash. Mai jar motar nan ya iya kwana, amma yana taka birki da wuri.” Ya lumshe ido. “Wurin zama kuwa kin samo mini na manya. Har zafin injin nake ji a fuskata.”

Inna tana ta kuka tana godiya ga Allah. Matarsa ta tashi ta fita. Ni na tsaya ina gyara bututun ruwan da bai karkace ba.

Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa.

Asabar, 19 ga wata, 4:00 na yamma

Mako biyu. Daidai wannan lokacin.

Na wanke labulen gidan gaba ɗaya. Ba su yi datti ba.

Litinin, 21 ga wata, 9:15 na safe

An zo an tafi da Baba Mai Walda. 'Yarsa ce ta bugo mini waya, ban san inda ta samu lambata ba. Tana cewa, “Anti, ya ce ke kin san gaskiya. Anti, yana da ciwon suga, bai tafi da maganinsa ba.”

Na kira Manaja. “Ba komai, Injiniya, tambayoyi ne kawai, za su sake shi.”

Na kira Baban yara, ya haɗa maganin ya aika. Da ya dawo ya ce, “Kin ga, mun yi abin da za mu iya.”

Litinin, 5:30 na yamma

Na sauko da jakar.

To, bari in rubuta, tunda littafi ba ya kai ƙara.

Akwai zane na biyu. Mako biyar kafin buɗe kakar tsere Manaja ya shigo ofishina ya ce masu talabijin suna son taga a kwana ta huɗu, masu tallafa wa gasar kuma suna son baƙinsu kusa da hanya, su ji ƙasa na girgiza. Na ce ba zai yiwu ba. Na rubuta masa wasiƙa, ya ce bai gani ba. Na sake rubutawa, ya ce in ba zan iya ba akwai wani injiniya matashi da zai zana a kwana ɗaya.

Na ce wa kaina gara ni in yi, aƙalla zan ƙarfafa firam ɗin. Na ce kujerun na rana ɗaya ne. Na ce shekara shida ko ƙusa ba ta taɓa tsallake shingen nan ba. Duk na faɗa wa kaina, kuma duk gaskiya ne, kuma ba shi ne dalilin ba.

Dalilin shi ne na gaji. Shekara shida ana kirana Madam Ba-Zai-Yiwu-Ba. In na shigo taro sai a yi shiru, ana kallon juna. Na so sau ɗaya in shiga ɗaki a ce, ga Injiniya, mai sauƙin kai. Ranar da na sa hannu Manaja ya miƙe tsaye ya tafa mini. Na ji daɗi. Wannan ma a rubuta: na ji daɗi.

Ga zanen nan a kan gadona. Taga, faɗi mita biyu. Kujeru layi uku. Sa hannuna a ƙasa, da hatimina, da sa hannun Manaja a gefe. Waldar Baba ta fi abin da na zana kauri. Na duba lissafin sau huɗu. Ko mala'ika ne ya yi waldar, firam ɗin ba zai tare abin da ya zo ba.

Talata, 22 ga wata, 8:00 na safe

Laifi tudu ne. Mako biyu ina tsaye a kan nawa ina hango na Manaja.

Nasa ma dai dutse ne. Kada in manta da wannan don kawai na fara ganin nawa.

Laraba, 23 ga wata, 1:40 na rana

An saki Baba bayan kwana biyu. An ce kada ya bar gari.

Na je wurin Yaya da rana, lokacin da na san matarsa tana gida. Yana koyon riƙe cokali da hagu, rabin abincin a kan ƙirjinsa. Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce bari.

Na gaya masa. Zane na biyu, sa hannun, duka. Ya ajiye cokalin.

“Katin da kika ba ni na babban dandamali ne, can sama. Manajanku ne ya gan ni a ƙofa ya ce yayan Injiniya ai sai gaba. Ke ba ki san an kai ni wurin ba.”

Da maganar nan ya buɗe mini ƙofar kuɓuta da kansa. Da na ce haka ne, da shi ke nan.

Na ce na gan ka, Yaya. Daga hasumiya, da madubin hango nesa, saura minti ashirin a fara. Kana ɗaga mini hula. Wayata tana hannuna. Na nemo lambarka. Sai na ce in na tashe ka daga wurin, me zan ce wa sauran mutum sittin da ke zaune? In wurin bai dace da yayana ba, da yayan wa ya dace? Sai in tsayar da tsere, gaban manyan baƙi, in ce zanena ne ba daidai ba. Na mayar da wayar aljihu. Na ɗaga maka hannu.

Fanka tana juyawa. Can ya ce:

“Shekara talatin ina ɗaukar lodi. Ko yaron mota ya rantse ya ɗaure, sai na zagaya na ja kowace igiya da hannuna na ji. Ba don kayan ba. Don wanda ke bin bayana a titi, wanda ban sani ba.” Ya juya fuskarsa bango. “Je ki, Auta. Barci nake ji.”

Alhamis, 24 ga wata, 7:00 na yamma

Na gaya wa Baban yara zan kai zanen gaban kwamiti. Ya yi faɗa irin wanda bai taɓa yi ba. Wai ihu bayan hari ne, wai ba zai dawo da kowa ba, wai Manaja zai tsira ko ta yaya, ni ce zan kwana ciki.

Duk gaskiya ya faɗa. Na ce masa haka.

“To don me?”

Na ce saboda tsoho mai ciwon suga ya kwana biyu a kan siminti ni ina kwance kan katifa.

Ya fita. Ya dawo bayan awa ɗaya da leda mai kauri, wai kada ruwan sama ya taɓa takardar.

Litinin, 28 ga wata, 3:00 na rana

An yi zaman. Dogon tebur, kwalaben ruwa, Manaja cikin sabbin kaya, lauya a gefensa. Baba Mai Walda can baya a kujerar ƙarshe.

Lauya ya yi minti arba'in yana bayani a kan walda, mutumin da ban yi tsammanin ya taɓa riƙe guduma ba. Da aka zo kaina, tsohon shugaban ya ce, “Injiniya, kina da abin ƙarawa?”

Na tashi na baje zane na biyu a gabansa. Ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa har ƙasa, inda sunaye suke.

“Wannan sa hannunki ne?”

“Nawa ne, ranka ya daɗe.”

“Na gefen fa?”

Manaja ya ce shi takardu da yawa ake kawo masa, ba masanin ƙarfe ba ne, in ƙwararriya ta ce abu ya yi, shi wane ne zai musa? Ya faɗa da tattausar murya, har da dafa ƙirji. Na fito da kwafin wasiƙuna biyu. Lauya ya ce babu hatimin karɓa a kansu. Gaskiya ne, babu. Hannu da hannu na ba shi, don muna mutunci.

A karo na farko tun da na san shi, Manaja bai ce “ba komai” ba.

Talata, 29 ga wata, 6:30 na safe

Na yi barci. Na ji haushin kaina da na yi.

Juma'a, 2 ga sabon wata, 5:10 na yamma

Inna ta ji a rediyo. Ba ta kira ni ba. Na je, na tarar tana tsintar wake a tire, ta ce in zauna. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Ni da nake ta nuna ki ga mutane.” Shi ke nan. Ta ci gaba da tsinta.

Talata, 6 ga wata, 11:20 na safe

Rahoton ya fito. Shafi talatin da ɗaya. Sunana ya fito sau goma sha huɗu, na ƙirga. An ƙwace lasisina, kuma an miƙa batuna ga masu gabatar da ƙara. Hukumar filin, wato Manaja, “ta yi sakaci wajen sa ido,” an ja mata kunne. Za a sake buɗewa bayan wata uku. Shi zai jagoranci gyaran.

An wanke Baba. Na je har gida in gaya masa. Yana zaune a ƙofar gida yana gyara wa maƙwabcinsa ƙafar kujera. Kamfani bai kira shi ya koma ba, kuma ya san ba za su kira ba.

Na ce, “Baba, an wanke ka.”

“Na ji.” Bai ɗago ba. “Da kin faɗa tun ranar da tsohon nan ya tambaya a bakin taga, da jikokina ba su ga an sa ni a mota ba.”

Na ce ka yafe mini.

“Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ni ma na san zani ne, na kuma kunna wuta na yanka.”

Ban san ko yafiya ce wannan ba. Ban tambaya ba.

Alhamis, 8 ga wata, 2:00 na rana

An sallami Yaya. Baban yara ne ya ɗauko su. Ban je ba, ba a ce in zo ba. Ya ce a hanya Yaya ya yi ta gyara masa tuƙi.

Asabar, 10 ga wata, 12:15 na rana

Wata mata ta zo da safe. Ban san ta ba. Doguwa, da zaren ɗinki maƙale a gefen mayafinta, tela ce. Ta ce ita ce matar mutumin da ke zaune a gefen Yaya.

Na ce ta shigo. Na tsaya, ban zauna ba. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari, har na ji wani irin sauƙi da abin ya zo.

Ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya. Ta ce ta je wurin likita, ya ce ta yi haƙuri. Ta je wurin Manaja, aka ce yana taro. Ta ce an gaya mata ni ce na san lissafin wurin.

“Ba faɗa na zo yi ba. Wannan na bar ki da Allah, kuma ban ce na yafe ba. Abu ɗaya nake so in sani. Mijina matsoraci ne, ko allura ba ya iya kallo. Ya ga abin yana zuwa? Ya ji tsoro?”

Na ce ta ba ni minti ɗaya. Na ɗauko biro, na juya bayan wata takarda. Ban so in faɗa mata don daɗin baki ba, an yi mata wannan ya isa. Gudun motar a kwanar, mita hamsin cikin sakan ɗaya. Daga inda tayar ta rabu da mota zuwa kujerarsa, mita goma sha takwas. Na raba. Na sake rabawa.

Na ce, “Bai kai rabin sakan ba. Kafin ido ya kai wa zuciya labari, an gama. Kuma hankalin kowa yana kan motar da ke gaba. Bai gani ba.”

“Kin tabbata?”

“Na tabbata.”

Ta miƙo hannu, na ba ta takardar. Ta kalli lambobin, na san ba ta gane su ba. Ta ninke ta a hankali, ta buɗe jaka, ta sa a aljihun ciki ta ja zif.

A bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Ashe kin iya lissafi.”

Ta tafi. Ban rufe ƙofar ba sai da ta sha kwana.